Wanda Ake Bi Bashi Ma Yana da Haƙƙi: Lacca a Kan Tsangwamar Masu Karɓar Bashi ta Waya



Mai girma shugaban wannan zama, masu unguwanni da dattawan Bagama a nan Suleja, malamanmu, iyayenmu mata da na ga sun cika wancan ɓangaren, 'yan kasuwa da ma'aikata, ƙannena matasa, ina yi muku barka da yamma. 

An nemi in yi magana a kan masu karɓar bashi da ke hana mutane sakat da kiran waya, da kuma abin da doka ta tanadar wa wanda ake yi wa haka. Kafin in shiga, bari in toshe wata ƙofa, kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya ce a daina biyan bashi. Ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Bashi haƙƙin mai shi ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, kan a rubuta shi a kuma kafa shaidu. Malamai sun karantar da mu cewa mai hali da ke jan ƙafa wajen biya zalunci yake yi. To amma kafin waccan ayar akwai ta 280, wadda ta yi umarni da a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu. Addini ya riƙe wa mai kuɗi haƙƙinsa, ya kuma riƙe wa wanda ake bi mutuncinsa. Dokar ƙasa ma, kamar yadda za ku ji, a kan wannan layin take tafiya. Matsalar ita ce mafi yawanmu rabi ɗaya kawai muka sani, rabin da ke cewa ka biya.

Hausawa suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A Suleja ba sai an yi mana dogon bayani ba. Tun bayan da aka kafa babban birnin tarayya a 1976 aka ba shi sunan garinmu na da, wato Abuja, mu muka koma Suleja, garin nan ya zama masaukin masu yi wa Abuja aiki waɗanda ba za su iya biyan hayar Abuja ba. Da asuba motoci ke kwasar mutane ta Madalla da Zuba, a wuce Dei-Dei da Kubwa, ba a dawowa sai dare. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya cinye albashin da yawa daga cikinsu tun wata bai raba ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Mutumin da ke cikin wannan hali, yaro ba lafiya cikin dare, ko an koro 'ya'ya daga makaranta, ya buɗe wayarsa ya ga talla ana cewa rance cikin minti biyar, ba jingina, ba mai tsaya maka, ba takarda, me kuke tsammanin zai yi? Zai danna.

To ga abin da ke faruwa idan ya danna. A ce ya nemi naira 20,000. Abin da zai shiga asusunsa na iya zama 14,000, an cire sauran da sunan kuɗin aiki. Bayan kwana 7 ana son 20,000 cif. Ku lissafa: ribar 6,000 a kan 14,000, wato sama da kashi 40 cikin 100 a mako guda. Ko wanda ba ya duba batun riba ta fuskar addini ya san babu wata sana'a ta halal a kasuwar IBB da za ta haifar da wannan a kwana bakwai. Shi ya sa ranar biya ta zo sai mutum ya sauke wata manhajar ya ci bashi ya biya ta farko, ya sauke ta uku ya biya ta biyu. Kafin wata biyu yana bin hanya da manhajoji shida ko bakwai a wuyansa, wasu ma na kamfani ɗaya ne da ya sauya musu suna da launi.

Sai kira ya fara. Ranar jajibiri tunatarwa ce cikin ladabi. Ranar biya lambobi daban-daban ke shigowa, ka toshe wannan waccan ta kira. Kwana ɗaya da wuce wa'adi sai zagi, har da na iyaye. Daga nan sai barazana: za mu turo 'yan sanda, za mu rufe maka BVN, za mu zo wurin aikinka. Sannan a kai ga abin da ya fi kowanne ciwo. Surukinka ya ga saƙo a WhatsApp. Limamin masallacinku ya gani. Maigidanka a wurin aiki, malamar makarantar 'yarka, abokin cinikin da kuka shekara goma kuna hulɗa, duk sun gani. Hotonka ne, an rubuta ɓarawo ko ɗan damfara a kai, ana nemanka ruwa a jallo. An sha ba da rahoton waɗanda aka haɗa wa sanarwar rasuwa suna raye, da waɗanda aka laƙaba wa cutar da ba su da ita. Idan mace ce, abin da ake rubutawa ba zai faɗu a gaban iyayenmu da ke zaune a nan ba.

Ina suka samu lambar surukinka? Kai ka ba su, ba tare da ka lura ba. Lokacin da kake sauke manhajar ta nemi izinin shiga lambobin wayarka, da hotunanka, da saƙonninka, ka danna amincewa saboda hankalinka na kan kuɗin. Nan nake so mu tsaya, domin duk laccar nan a kan wannan gaɓar take. Da suka ce ba jingina, ba gaskiya suka faɗa ba. A da, wanda zai ci bashi mai nauyi yakan jinginar da gona, ko keken ɗinki, ko ɗan kunnen zinariya. Waɗannan kamfanoni sun gano cewa talaka yana da wata kadara da ta fi keken ɗinki daraja a wurinsa, wato sunansa a idon mutanen da suka san shi. Ita suka karɓa jingina. Kuma sun san a ƙasa irin tamu, inda mutum zai gwammace ya kwana da yunwa da a ji kansa a unguwa, wannan jingina ta fi takardar fili ƙarfi. Abin da na zo in shaida muku shi ne, doka ba ta yarda a karɓi wannan jingina ba, ko da ka danna amincewa sau goma.

Bari mu bi dokokin yadda suka zo.

Tushe shi ne Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 34 ya ba kowane mutum haƙƙin a mutunta shi. Sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na waya. Babu inda aka ce ban da wanda ake bi bashi.

A watan Agustan 2021 hukumar NITDA, mai kula da bunƙasa fasahar sadarwa, ta ci wani kamfanin rance mai suna Soko Lending tarar naira miliyan 10. Laifinsa shi ne aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayar masu cin bashi, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Kuɗin ba su da yawa ga kamfani irin wannan, amma hukuncin ya kafa hujja cewa abin da suke yi laifi ne, ba dabarar kasuwanci ba. A watan Maris na 2022 kuma, hukumar FCCPC, wadda aikinta shi ne kare haƙƙin masu saye da amfani da kaya, ta haɗu da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC da NITDA da 'yan sanda suka kai samame ofisoshin wasu kamfanonin rance a Ikeja ta Legas. Aka ba da umarnin rufe asusunsu na banki, aka nemi Google da Apple su cire manhajojinsu. Wannan hukuma ta FCCPC dokar 2018 ce ta kafa ta, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, kuma lokacin samamen Babatunde Irukera ne ke shugabantarta. A Agustan shekarar ta 2022 ta fitar da tsarin wucin gadi da ya tilasta wa duk mai ba da rance ta intanet yin rajista da ita. Shi ma kamfanin Google, daga 31 ga Mayun 2023, ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa na Play Store taɓa lambobi da hotunan da ke cikin wayar mutane. Tun 2019 ma yana da ƙa'idar hana manhajar da ke neman a biya bashi gaba ɗaya cikin kwana 60 ko ƙasa da haka. Saboda haka idan ka ga manhaja mai rancen kwana bakwai, ko wadda aka turo maka mahaɗinta ta WhatsApp aka ce ka sauke ta nan, ka san ta bayan gida ta shigo.

A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Sirri ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji. Wannan doka ce ke amsa maganar nan da masu kiran ke yawan jefa wa mutane, wai ai kai ka amince. Doka ta ce amincewa sai an yi ta da sani kuma don wata manufa bayyananna, kuma mai ita yana da ikon janye ta duk lokacin da ya ga dama. Bayanan da aka karɓa don tantance ko ka cancanci rance ba a juya su a yi amfani da su wajen tozarta ka. Sannan ga babbar hujja: lambar surukinka ba taka ba ce da za ka bayar da izini a kanta. Tasa ce, kuma ba wanda ya tambaye shi. Babban kamfanin da ya karya wannan doka ana iya cin sa tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Wanda aka cutar kuma yana iya zuwa kotu neman diyya.

Na baya-bayan nan su ne dokokin da FCCPC ta fitar a 2025 a ƙarƙashin shugabanta Tunji Bello, waɗanda suka fara aiki ranar 21 ga Yulin shekarar. Sun wajabta rajista, sun wajabta bayyana wa mai karɓar rance kuɗin ruwa da duk wani caji tun kafin ya amince, sun hana tura wa mutum rancen da bai nema ba, sun kuma hana cin zarafi wajen karɓar bashi. Tarar na iya kaiwa naira miliyan 100 ko kashi 1 cikin 100 na cinikin kamfani, kuma ana iya hana daraktocinsa riƙe irin wannan muƙami har shekara 5. Batun rancen da ba a nema ba ku riƙe shi da kyau, domin yana faruwa: mutum ya buɗe manhaja don ya duba kawai, sai ya ji alat, bayan kwana shida a fara kira.

Idan kuma wanda ke bin ka banki ne, ko ƙaramin bankin nan na maikurofainans, ko wani kamfanin kuɗi da ke da lasisin Babban Bankin Najeriya, wato CBN, to akwai ƙa'idojin kare abokan hulɗa da CBN ya fitar a Disambar 2019. Su ne suka fi fito da maganar kiran waya ɓaro-ɓaro. Ba a kiran mutum ko a je masa gida don karɓar bashi tsakanin ƙarfe 9 na dare da ƙarfe 8 na safe, sai da yardarsa. Ba a tuntuɓar abokansa, ko danginsa, ko maƙwabtansa, ko inda yake aiki, sai dai don a tambayi adireshi ko lambar waya ko a tabbatar yana aiki a wurin. Ba a kuma neman ɗayansu ya biya, sai wanda ya tsaya masa. Iyayenmu mata masu karɓar rancen ƙungiya, wannan ta shafe ku. Jami'in da zai zo ya kafa kujera a ƙofar gidanki bayan sallar isha'i yana ɗaga murya don maƙwabta su ji, ya saɓa wa ƙa'idar da ke kan bankin da ya aiko shi.

Ba mu kaɗai ne muka sha wannan ba. Amurka ta yi dokarta a kan masu karɓar bashi tun 1977, da irin wannan iyaka ta 8 na safe zuwa 9 na dare, kuma daga ƙarshen 2021 suka ƙara cewa kiran da ya wuce sau 7 cikin kwana 7 a kan bashi ɗaya ana ɗaukarsa tsangwama. Babban bankin Indiya a 2022 ya hana kira kafin 8 na safe da bayan 7 na yamma. Kenya ma a 2022 ta sa masu rancen waya ƙarƙashin babban bankinta, ta hana su kiran mutanen da ke cikin wayar mai bashi. A ganina abin da ya kamata hukumominmu su ara daga Amurka shi ne adadin nan. Idan aka ce sau kaza a mako, ko wanda bai yi boko ba zai iya ƙirgawa ya san an wuce gona da iri.

Yanzu maganar 'yan sanda, wadda ita ce ta fi firgita mutane. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta ce ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko don rigimar da ba ta laifi ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ma haka ta ce, ta kuma hana kama wani a madadin wani, wato a kama mata don miji, ko uba don ɗa. Manyan kotunan ƙasar nan sun sha nanata cewa 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne. Kasa biyan rance ba laifin da ake tsare mutum a kansa ba ne. Abin da ke zama laifi shi ne damfara, kamar ka ci bashi da sunan wani ko da takardun bogi. Kuma wannan gargaɗi ba ga kamfanonin Legas kaɗai yake ba. Alhajin da ya ba yaro kaya bashi a kasuwa, yaro ya karye, ya je ya sa aka kulle shi a caji ofis har sai danginsa sun haɗo kuɗi, shi ma ya taka doka, kuma ana iya kai shi ƙara tare da wanda ya yi kamun. Na san wannan ba za ta yi wa wasu daga cikinmu daɗi ba. Kotu tana nan, ta majistare da ta shari'ar Musulunci, kuma kafin kotu akwai zauren mai unguwa inda aka saba zama a yanka wa mutum abin da zai riƙa biya.

Idan muka koma kan masu kiran waya, akasin barazanar da suke yi maka, mai kiran ne ma ke kusa da laifi. Ɓata suna da tsoratarwa laifuka ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya haramta aika saƙon barazanar da ke sa mutum tsoron za a kashe shi ko a ji masa rauni.

Kada kuma in bar ku da zaton cewa mai ba da rance ba shi da abin yi. Yana da shi, kuma yana da zafi. Yana da ikon kiranka cikin mutunci a lokacin da ya dace. Yana da ikon kai sunanka ga kamfanonin da ke adana tarihin masu bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, bisa dokar 2017, kuma idan sunanka ya shiga nan, ranar da za ka nemi rancen noma ko na gida a bankin kirki za a gani. Bankuna kuma, tun 1 ga Agustan 2020, suna da tsarin GSI na CBN, wanda ke ba su damar cire kuɗinsu daga duk wani asusunka da ke haɗe da BVN ɗinka idan ka sa hannu a kan haka lokacin karɓar rancen. Sannan yana iya kai ka kotu. Waɗannan su ne hanyoyinsa. Wanda ya bar su ya koma zagin mahaifiyarka, sau da yawa don ba shi da rajistar da zai bi su ne. Ita kuwa barazanar rufe BVN, wani yaro da ke zaune a ɗakin kira ba shi da wannan iko.

Su ma yaran nan masu kira, in za mu yi adalci, 'ya'yan talakawa ne da aka ɗauka aiki a kan ɗan albashi, aka yanka musu adadin da za su karɓo kullum, in ba su kawo ba a kore su. Wannan bai wanke su ba. Amma yana nuna maka cewa musayar zagi da su ɓata lokaci ne, domin wanda ya tsara abin ba ya kan layin.

To me mutum zai yi idan abin ya same shi? Na farko, kada ka goge komai. Mutane da yawa saboda baƙin ciki sukan share saƙonnin, su cire manhajar, su karya layi, sai su rasa hujja. Ɗauki hoton kowane saƙo yadda lamba da rana da lokaci za su fito. Naɗi kiran idan wayarka na yi. Roƙi waɗanda aka tura wa saƙo su turo maka hotonsa. Adana shaidar nawa ya shigo asusunka da nawa ka biya, da sunan asusun da ake ce maka ka tura kuɗi, domin sunan nan yakan tona ko wane kamfani ne ke bayan manhajar. Bayan ka tattara, shiga saitin wayarka ka cire wa manhajar izinin ganin lambobi da hotuna da saƙonni. Sannan ka rubuta musu saƙo guda, gajere, ba zagi: na san ana bi na kaza, zan iya biyan kaza ranar kaza, na janye izinin amfani da lambobin da ke wayata, kada a sake tuntuɓar kowa a kaina, kuma daga yau a riƙa yi mini magana a rubuce. Kada ka yi alkawarin abin da ba za ka iya ba don kawai a ƙyale ka yau. Kada kuma ka ci sabon bashi don biyan tsoho.

Daga nan sai ƙorafi. FCCPC tana karɓa ta shafinta na intanet, kuma a nan take wallafa sunayen kamfanonin da ta amince da su da waɗanda ta sa wa ido ko ta soke. Batun lambobi da hotuna na NDPC ne. Idan banki ne, ka fara kai kuka ga bankin a rubuce ka karɓi lambar ƙorafi, in wa'adi ya wuce ba su warware ba ka wuce sashen kare abokan hulɗa na CBN. Idan akwai barazana ga rai, wannan ta 'yan sanda ce kai tsaye. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta ta tarayya, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Mu a nan muna da sa'ar da mutumin Gumel ko Illela ba shi da ita, domin hedikwatar duk waɗannan hukumomi tana Abuja, tafiyar da wasunku ke yi kullum. Wasu kan tambaye ni batun tura STOP zuwa 2442. Wannan tsarin hukumar sadarwa ta NCC ne na hana saƙonnin talla, yana da amfani, amma ba ya hana mai bin bashi kiranka da lambarsa.

Ba zan yaudare ku cewa da ka kai ƙorafi gobe kira zai tsaya ba. Hukumomin nan suna da jinkiri, kamfanin da aka rufe yau yakan dawo jibi da sabon suna, kuma kusan duk hanyoyin ƙorafin da Turanci suke, a intanet, alhali wadda aka fi zalunta wataƙila mai sayar da awara ce da ɗanta ya sauke mata manhajar. Wannan gazawa ce ta gwamnati, kuma ya kamata wakilanmu a majalisa su ji ta daga bakinmu. Duk da haka, tarar Soko Lending da samamen Ikeja daga ƙorafin mutane suka taso. Hukuma ba ta ganin abin da ke cikin wayarka sai ka kai mata.

Saura ɓangaren da ya fi shafar mafi yawan waɗanda ke zaune a nan, wato ku da ba ku ci bashin kowa ba amma saƙo ya shigo muku a kan wani. Ku sani ba a bin ku ko sisi. Tsaya wa mutum a bashi yarjejeniya ce da ake yi a rubuce, da saninka da sa hannunka. Don wani ya rubuta lambarka a manhaja, ko an tsince ta a wayarsa, bai mayar da kai mai tsaya masa ba. Kai ma an keta maka sirri, kuma kana da ikon kai ƙorafi da sunanka.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne abin da za ka yi da saƙon. Duk wannan sana'a ta tozarci a kanmu ta dogara. Kamfanin da ke Legas bai san kowa a Bagama ba, ba zai iya kunyata kowa a nan ba sai da taimakonmu. Shi dai ya jefo saƙo. Mu ne ke tura shi zauren WhatsApp na dangi, mu ne ke kai shi majalisa da teburin mai shayi, mu ne ke fasa ba mutum auren 'yarmu ko mu janye masa jari saboda hoton da wani baƙo ya haɗa. Addininmu ya hana ɗaukar labarin wanda ba a san amincinsa ba sai an bincika, ya hana yaɗa aibin musulmi ko da gaskiya ne, balle ƙarya. Idan saƙon ya zo maka, ɗauki hotonsa, ka kira mutumin a keɓe ka ce ga abin da aka turo mini, na ajiye maka shaida, ban nuna wa kowa ba, me ake ciki? Wanda ke cikin wannan hali yakan shiga ƙunci mai tsanani, har wasu su fara tunanin abin da ba shi da kyau. Kiran mutum ɗaya da bai guje shi ba yana da tasirin da ba ku zato.

Ina da roƙo ga shugabanninmu. Limamai su taɓo wannan batu a huɗuba da wajen karatu, ta ɓangarorin biyu, na biyan haƙƙi da na rufin asiri. Masu unguwannin Bagama A da Bagama B su samo matasa biyu ko uku masu ilimin kwamfuta, amintattu masu riƙe sirri, waɗanda duk wanda abin ya shafa zai iya zuwa wurinsu su taya shi tattara shaida da rubuta ƙorafi, kuma a samu mace a cikinsu saboda iyayenmu da ƙannenmu mata. Ƙorafi ashirin daga unguwa ɗaya a kan manhaja ɗaya ya fi guda ɗaya saurin motsa hukuma. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ma'aikata kuma su dubi yadda za a ware wani abu daga adashe ko asusun ƙungiya don rancen gaggawa marar ruwa, ko na naira 10,000 ne, domin yawancin waɗanda suka faɗa hannun manhajojin nan abin da suka nema da farko bai wuce haka ba. Masu buƙata mai girma kuma su tuna akwai bankunan da ba sa hulɗa da riba, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019.

Shugaban taro ya ce a bar lokaci don tambayoyi. Wanda tambayarsa ta shafi sirrinsa ba sai ya ɗaga hannu ba, ya rubuta a takarda ba tare da suna ba a miƙo, zan karanta in amsa.